Layi Ɗaya a Ƙasan Takarda

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da duk mutanen bene. Ya ciwon bayan nan naki? Da zan ce ki rage zama a kan keken ɗinki, amma na san ba ji za ki yi ba. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya sa ni a gaba.

Mun sake tashi. Gadar da mijin uwar ɗakina yake ginawa a waccan ƙasar ta ƙare, kamfaninsu ya turo shi nan, mu kuma kamar jela, duk inda ya juya muna biye. Yaya, garin nan har rana lalaci take yi. Lokacin da a gida hantsi ya dubi ludayi, nan gari bai gama wayewa ba, kafin la'asar kuma duhu ya rufe. Na ga kare da rigar sanyi da takalma, ƙafa huɗu duk an sa masa, yana tafe yana taƙama. Maƙwabcinmu kuwa na gaishe shi a matakala, ya tsaya yana kallona kamar na taka masa ƙafa. Daga baya mai share bene ta ce min nan ba a gaida wanda ba a sani ba. Na ce to ta yaya za a san shi?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne iyaye da 'ya'yansu. A tashar jirgin ƙasa na ga mace, babba da ita, ta durƙusa ta rungume ɗanta tana sumbatarsa a idon jama'a, tana ce masa zumata, hasken idona. Ni da ba ni na yi ba, ni na ji kunya na kau da kai. Da Umma, Allah ya jiƙanta, ta ga wannan, da ta ce duniya ta zo ƙarshe. Uwar ɗakina ta ce haka take so in riƙa yi wa 'yarta, wai yaro ba ya girma daidai sai da runguma. Tunda aikin raino ya kawo ni, na koya.

Yarinyar Gimbiya nake ce mata, don ba ta buɗe baki ta ci abinci sai an yi mata kirari. Ta fara famfara, haƙoran gaba biyu sun tafi, in ta yi dariya sai ki ce tsohuwa. Ba ta barci sai ta riƙe kunnena. Na gwada yi mata kitso, gashin santsi ne da shi, ina kamawa yana zamewa, muka ƙare da dariya ni da ita. Jiya na kai ta wasan ƙanƙara, ta faɗi, ta wuce uwarta a guje ta zo wurina.

Na aiko miki da mayafi, da safa ta maigida. Ya yarinyar taki? A sa mata ido a kan karatu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Baya yana nan yadda kika bar shi, shi da keke sun zama aminai. Mayafi ya iso, na gode. Safa kuwa maigidan ya ƙi sawa, ya ce sai ranar da zai shiga jirgin sama.

Takardarki mai kantin magani ya ba da a kawo, don har yanzu akwatin gidan wayarsa muke ara. Kin san yadda ake yi. Da yamma na tsayar da keke, matar mai gyaran rediyo ta hawo da kujerarta, maigidan ya zauna a bakin ƙofa yana yi kamar ba saurare yake ba. Da na zo kan kare mai takalmi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in tambaye ki, in karen zai shiga ɗaki yana cirewa?

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. 'Yarki ta yi tsawo, duk ƙafafu ce, shi ya sa na sa mata Balbela, sunan kuma ya bi ta har makaranta. In ana karanta takardarki a gindin keke take zama, haɓarta a kan gwiwata. Ba ta dariya tare da mu, jira take yi. Wannan karon da na karanta layin ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Inna, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "Duba baya." Na juya takardar, fara fat. Sai ta tashi ta hau tsince ƙyallayen da ke ƙasa, aikin da sai na yi da gaske take yi.

Auta, ba 'yar mitsitsiyar da kika bari ba ce, wadda ake ruɗa da alewa. Tana jin shafi biyu na Gimbiya, tana jin layi ɗaya nata, kuma ko a layin ba a kiran sunanta. Na san kara kike yi min, na gode, amma ta isa haka. Ki rubuta mata wani abu nata na kanta, ko kaɗan ne, wanda zan miƙa mata a hannu.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jikin da sauƙi, maigidan ma yana lafiya. Shiru-shiru ban ga amsarki ba, amma laifin namu ne. Mun bar ƙasar sanyi ba shiri, idan kin aika can to tana kwance a akwati. Na roƙi mai share bene ta turo min duk abin da ya zo, ita kuma ba ta gaggawa ko gobara ake yi. Ga sabon adireshi a bayan ambulan.

Yaya, wannan garin a kan ruwa aka gina shi. Titunansa ruwa ne, kwalekwale ne motar haya, har mai kwashe shara da jirgin ruwa yake zuwa. Rannan ina kan wata 'yar gada na ga an ɗauko gawa a kwalekwale, an ɗauko amarya a wani, suka wuce juna a ƙarƙashina, matuƙan suka ɗaga wa juna hannu. Na daɗe a tsaye. Shanya daga taga zuwa taga ake yin ta, matan kuma ta tagar suke hira, ta nan suke faɗa, ta nan suke shiryawa. Akwai wata da muryarta sak ta matar mai gyaran rediyo. In tana wurin ki tsallake wannan layin.

Mun ga tashin hankali kwanan baya. Gimbiya ta kwanta zazzaɓi mai zafi, uwarta ta tafi taro wani gari, ubanta yana wurin aiki. Ni na rungume ta a kwalekwalen asibiti, jikinta kamar garwashi. Ta ƙi yarda likita ya taɓa ta sai a cinyata. Cikin zafin ciwo har ta kira ni da sunan da take kiran uwarta. Na rasa abin yi, sai na kama yi mata waƙar nan da Umma take yi min in ba ni da lafiya, da ita ta samu barci. Yanzu ta warke sarai, har ta fi da rigima.

Da uwarta ta dawo ta ɗauke mu hoto, ga shi na sa miki, ki ga yadda ƙanwarki ta yi kumatu. Ki gaida kowa. Ya yarinyar taki? Ina fatan ba ta ba ki wahala.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Lafiya muke, in lafiyar jiki kike tambaya.

Na gane takardata ba ta same ki ba. Da na sani, da na fara karanta taki ni kaɗai. A gaban kowa na farke ambulan, hoton ya faɗo a cinyar Balbela. Kumatunki manne da na yarinyar can, hannunta a wuyanki, kina wata dariya da ni kaina na manta kina da ita. Matar mai gyaran rediyo, da bakinta ba shi da linzami, ta leƙo ta ce, "Kai, kamar uwa da 'ya!" Na yi sauri na ci gaba da karatu don in rufe maganar, ashe gaba ta fi baya. Da na zo kan waƙa, Balbela ta ce, "Inna, wace waƙa ce? Yi min." Ban iya ta ba, Auta. Ni ba a taɓa yi min ita ba.

Ke auta ce, a cinya kika tashi. Ni ce ta fari. Umma ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "waccan". Mutane suna ta yabon kunyarta. Ranar da ruwan zafi ya zube min a hannu, ba a haife ki ba tukuna, a bakin ƙofa ta tsaya ta aika a kira maƙwabciya ta ɗauke ni. Sai da na yi aure maƙwabciyar ta gaya min wai tana bayan ƙyaure tana kuka. Na yarda, na kuma yafe mata. Amma yarinyar da ta ƙone ba ta san da wannan kukan ba, abin da ta gani shi ne uwarta a tsaye. Ke kin ɗauki halin nan tarbiyya ce, don ba a kanki ya sauka ba. Ni na san nauyinsa, kuma ba zan zuba ido a ɗora wa yarinyar nan shi a ɗakina ba.

Washegari ina wanke wa Balbela kai, ta sunkuya a kan baho, kumfa duk a fuskarta, ta ce, "Inna, in na yi zazzaɓi mai zafi sosai, za ta zo?" Na ce ta rufe ido kar sabulu ya shiga. 

Ki rubuta mata. Wannan karon ba roƙonki nake ba, yayarki ce take magana.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida. Ni ba zan ce lafiya lau ba.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, tsohuwar duk ta sha tambari. Karatun farko na ɗauka gajiya kika yi da riƙon, kike neman hanyar faɗa min, har zuciyata ta fara tafasa. Sai da na kai Gimbiya makaranta na zauna a matakalar bakin ruwa na sake karantawa, sannan na gane. Maganar hannunki ban taɓa ji ba. Tabon nan kullum ina ganinsa, ban taɓa tambaya ba. Ki yafe min.

Amma ki saurare ni, Yaya. Bayan rasuwar baban yarinyar nan na kawo miki ita da 'yar jakarta, ke da Allah bai ba ki haihuwa ba, kika karɓe ta hannu bibbiyu. Ke kike wanka, ke kike jinya, ke kike zuwa makaranta in an kira iyaye. Da wane ido zan riƙa rubuta "'yata, 'yata" a takardar da ke za ki karanta da bakinki a gaban maƙwabta? Gani nake kamar tuna miki nake yi cewa aro aka ba ki. Shi ya sa nake cewa taki. Duk sanda na rubuta kalmar nan sai na ji kamar an zare min wani abu a ƙirji.

Kin ce kin ga ina dariya a hoto. Duk ƙasar da muka sauka, makarantar yara nake fara nema. In an tashi sai in tsaya a jikin shinge, in zaɓi wata doguwa a cikinsu, in ce yanzu haka ta kai. A ƙasar sanyi har mai gadi ya taɓa kora ta. Waƙar nan kuma, idona a rufe na yi ta, ba Gimbiya nake yi wa ba. Ita Gimbiya komai ina iya faɗa mata, don da yarensu nake faɗa, a yarensu kalmomin ba su da nauyi a bakina. Da namu kuwa na zauna zan rubuta wa yarinyar nan, na ɓata takardu har kwandon shara ya cika. Hannuna ya ƙi. Ina kewarta, Yaya, kewar da take hana ni cin abinci.

Don girman Allah kar ki karanta mata wannan. Kunya za ta kashe ni, kuma ba na so ta fara sanina ina kuka a takarda. In na zo zan faɗa mata da bakina.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Na karanta, na yi kuka, na kuma bi maganarki, ga shi ina cizon yatsa.

Balbela ce ta karɓo takardar daga kantin magani. Ta hawo bene a guje, ta miƙa min, ta zauna a wurinta na gindin keke. Na riga na gaya mata na yi miki magana, don haka a shirye ta zo. Na karanta a zuci, na ninke, na sa a aljihun keke. Ta ce, "Yau ba a karantawa?" Na ce maganar manya ce. Ta ce, "Ko layin ƙasan ma babu?" Babu ɗin kuwa.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na ce gara in saɓa miki. Na kira ta na ce zo ki ji abin da uwarki ta ce. Ta ce, "A bar shi, Inna, ina da aikin makaranta." Na matsa, ta ce ai ta san ni na sa ki. Yanzu ko mai kantin magani ya ƙwala mata kira, sai ta ce a ba wani ya kawo. Ba ta kuka, ba ta tsiwa, ba ta ƙin aike. Ta zama mai ladabi ƙwarai, abin da yake ba ni tsoro ke nan. Ni ma haka na yi a shekarunta.

Kar ki jira sai kin zo.

Yayarki

*

Zuwa ga 'yata Balbela,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, sunanki ne a bayan ambulan.

Na daɗe ban rubuto ba. Mun sake ƙaura, yanzu muna wata ƙasa mai zafi inda ake ruwa kullum bayan azahar, mutane suna yawo da lema kamar sanda. Takardar Innarki sai da ta zaga ƙasa biyu kafin ta same ni. Ranar da na karanta ta na je na gaya wa uwar ɗakina na bar aiki. Ta roƙe ni in tsaya har su samu wata, na yarda. Suna samu zan taho gida gaba ɗaya.

Ban iya irin wannan maganar ba, ki yi haƙuri da ni. Ranar da aka haife ki, da mutane suka fita, na buɗe zanen na ƙirga yatsunki, na sa hancina a wuyanki. Da na ji motsi a ƙofa na yi sauri na ajiye ki na juya baya. Haka na yi ta yi har yau, in ba kowa ina tare da ke, in da mutane in juya baya. Na ɗauka kin sani, ban tsaya na tambayi kaina ta yaya za ki sani ba.

Ina son ki. Ga shi na rubuta. Ba wata yarinya a duniyar nan da na gani da ta kai ki a wurina. Ki ba ni amsa da hannunki, ko layi nawa ne.

Mamanki

*

Zuwa ga ƙanwar Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya. Ni lafiya, Inna lafiya sai bayanta, Baba ma lafiya. Na zo ta uku a ajinmu.

Na samu takardarki, na karanta da kaina ba wanda ya taya ni. Na gode. Rubutunki yana da kyau. Da na nuna wa Inna ta yi ta kuka har ta kasa ɗinki, ni na ƙarasa mata sa maɓallai.

Inna ta ce in fara da Mama. Na rubuta, sai na ga kamar takardar wata nake kwafa, na goge. Shi ya sa wurin ya yi baƙi. Kar ki ji haushi, ba rashin kunya ba ne.

Kin ce kin bar aiki. Da kin tambaye ni da na ce ki zauna, saboda yarinyar can ta saba da ke, za ta yi ta kuka, kuma ba daɗi. Ni ina da Inna. Amma tunda kin riga kin faɗa musu, shi ke nan, muna murna.

Inna ta ce a ɗakina za ki sauka, mu kwana tare. Na ce gadon ƙarami ne, za ki takura. Na share ɗakin, na kwashe littattafaina, na wanke labule, ni zan koma falo. Baba ya gyara makullin, za ki iya rufewa ta ciki. Ki rubuto wa Inna abin da kike ci da wanda ba kya ci, da ko kina shan shayi da sukari, don mu shirya kafin ki zo.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ce,
Balbela